Tarin Umma ya ƙi ƙarewa tun da aka ƙara mata maganin hawan jini, ko akwai wanda ya taɓa ganin haka?

'Yar_Auta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyata. Tana da hawan jini ya daɗe, ga kuma suga, da can amlodipine kaɗai take sha, to a watannin baya da muka koma asibiti jinin ya ƙi sauka yadda suke so sai likita ya ƙara mata wani wai shi lisinopril 10mg, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Jinin kam ya sauka alhamdulillah, ta nan babu ƙorafi. Amma bayan 'yan makonni sai ta tsiri wani irin tari da ban taɓa jin ta da shi ba, busasshe ne ƙayau babu kaki babu majina, ita cewa take maƙogwaronta ne ke mata ƙaiƙayi can ciki inda hannu ba ya kaiwa, sai tayi ta tari tayi ta tari har hawaye su zubo. Da dare yafi tsanani, da ta kwanta shikenan ba barci, mu ma da muke ɗaki ɗaya ba barci. Wani lokacin ma in ya sarƙe ta har fitsari yake kufce mata, abin nan yana sa ta jin kunya sosai har ta rage fita cikin mutane, wallahi shi yafi damuna.

Ba ta zazzaɓi, ba mura, tana cin abinci lafiya lau kuma ni dai ban ga ta rame ba, bata taɓa shan taba ba a rayuwarta. An gwada sirof na tari kala kala, an kuma rubuta mata antibayotik ta shanye tas babu abinda ya canza. Yanzu gidan ya rabu biyu, yayana yace a jefar da sabon maganin kawai tunda da shi tarin yazo, ƙanwar Umma kuma ta dage wai tarin fuka ne a raba mata kofi da kwano. Ita kuma Umman na lura ta fara tsallake maganin wasu ranaku bata gaya wa kowa ba.

Shin da gaske maganin hawan jini yana kawo tari? In haka ne ya ake yi, a daina ko a ci gaba? Ina tsoron a daina jinin ya haura, ina kuma tsoron a ci gaba ashe wani ciwo ne daban muke zaune a kai. Nagode.

Ɗan_Famasi:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Umma lafiya. Eh da gaske ne, kuma sanannen abu ne sosai a wajen duk wanda yake aikin magani. Ni ba zan iya yanke miki hukunci daga nan ba tunda ban duba ta ba, amma yadda kika bayyana tarin nan, busasshe, ƙaiƙayin maƙogwaro, yafi da dare, ya fara bayan an sa lisinopril, sirof da antibayotik sun kasa, to abu na farko da likita zai fara zargi shine maganin.

Lisinopril yana cikin dangin magunguna da ake kira masu toshe ACE, gane su ba wuya, duk sunansu yana ƙarewa da pril, akwai captopril, enalapril, ramipril, perindopril da sauransu. Shi ACE ɗin wani sinadari ne da jikinmu yake yi da kansa kuma yana da yawa a jijiyoyin jinin huhu. Aiki biyu yake. Na farko yana haɗa wani abu da ake kira anjiyotensin 2 wanda yake matse jijiyoyin jini, in suka matse jini ya hau, to maganin yana hana shi wannan aikin ne shi yasa jinin Umma ya sauka. Aikinsa na biyu kuma kamar mai shara yake, yana kwashe wani sinadari mai suna biradikinin da wasu ire-irensa kar su taru. To maganin bai san bambanci ba, da ya tsayar da aikin farko ya tsayar da na biyu, sai biradikinin ya taru a hanyoyin iska yana tsokanar jijiyoyin da suke sa mutum tari. Kinga kenan babu wata ƙwayar cuta a wurin, shi yasa antibayotik bai yi komai ba, babu abinda zai kashe. Sirof ma haka, ana sha ana kuma haɗiyar abinda ke kawo tarin kowace safiya, ina amfanin.

Ba abu bane da ba a saba gani ba, wajen mutum 1 cikin 10 masu shan wannan dangin suna samun sa, a binciken da aka yi a wurare daban daban an samu daga 5 har zuwa 35 cikin 100. Yafi kama mata fiye da maza, yafi kama waɗanda ba sa shan taba, kuma mutanen gabashin Asiya irin su 'yan Sin sun fi kowa samun sa. Kinga Umma ta shiga biyu daga ciki. Wani yana fara tarin cikin awoyi da shan ƙwayar farko, wani sai bayan makonni, wani ma sai yayi watanni yana sha lafiya sannan ya taso, wannan ne yake ruɗa mutane har da ma'aikatan lafiya wani lokacin, sai ka ji ance ai ya daɗe yana sha ba shi bane.

Maganar yayanki rabinta daidai ce. Gaskiya ne yawanci tarin nan ba ya tafiya sai an cire maganin, amma cirewa ba tare da an sa wani a madadinsa ba shine haɗarin. Tari yana hana barci, hawan jini da aka sake shi kuwa shanyewar ɓarin jiki yake kawowa da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Abinda ake yi shine a koma wajen likitan da ya rubuta a gaya masa ƙarara tarin ya fara ne bayan lisinopril, mafi yawanci zai mayar da ita kan 'yan uwansu masu ƙarewa da sartan, wato losartan, valsartan, telmisartan, candesartan. Su waɗannan ba sa taɓa ACE ɗin, can gaba suke tarewa inda anjiyotensin 2 yake zuwa ya kama jijiya, saboda haka mai sharar nan yana ci gaba da aikinsa, tari da wuya ya zo. Kuma suna kare ƙodar mai suga kamar yadda pril ɗin yake yi, ina kyautata zaton dalilin sugan ne ma yasa likitan ya zaɓi lisinopril tun farko, ba kuskure yayi ba.

Tsallake maganin da Umma take yi shi yafi tayar min da hankali a duk bayanin naki, domin shan yau a bar gobe ba zai tsayar da tarin ba kuma jinin zai dinga hawa yana sauka. Dan Allah ki zauna da ita cikin lalama ki nuna mata akwai mafita, ba sai ta zaɓa tsakanin barci da lafiyarta ba.

Baban_Yara:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri da kula da mahaifiya. Ni ba ma'aikacin lafiya bane amma abin nan ya faru a kaina. Bayan na samu matsalar zuciya aka ɗora ni akan ramipril, babu wanda yace min kalma ɗaya akan tari a lokacin da ake bani, na sha wahala ba kaɗan ba, in ina magana da mutane sai ya sarƙe ni a tsakiyar zance, haƙarƙarina har ciwo suke da safe. An yi min hoton ƙirji ba komai, an gwada kaki ba komai. Da aka gane maganin ne sai aka canza min zuwa wani, na ji daɗi na tafi gida, tari yana nan daram, ashe wanda aka bani ɗin ma pril ne, sunan kamfani ne kawai manya manya a jikin kwalin, Coversyl, sai da ɗana ya karanta ƙananan rubutun dake ƙasa ya ga perindopril. Daga baya wani likitan ya mayar da ni losartan, ba a ranar ya tafi ba gaskiya, a hankali ya dinga raguwa har na wayi gari na manta da shi.

Shawarata ki kwashi duk kwalayen magungunanta ki tafi da su asibitin, kar ki ce zaki riƙe sunayen a kai. Kuma duk abinda aka baku sabo ki karanta ƙaramin rubutun ba babban ba. Sannan ki lallashi ƙanwar Umman, maganar raba kwano tun ba a gwada komai ba tana karya zuciyar mara lafiya.

Nas_Aikin_Dare:

Slm. Na yarda da bayanin Ɗan_Famasi ɗari bisa ɗari amma bari in ɗan ja birki ta wani ɓangare, saboda mu a wajen aiki muna ganin ɗaya gefen, wato mutum ya karanta cewa maganinsa na sa tari sai ya kwanta ya miƙe ƙafa alhali wani abu ne daban yake cin sa. Shan lisinopril ba ya hana mutum kamuwa da tarin fuka, hasali ma masu suga sun fi sauran mutane saurin kamuwa da shi. Ƙa'ida ita ce duk tarin da ya wuce sati 2 ya cancanci a duba, to na Umma ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ban ce shi bane, alamun da kika faɗa basu yi kama da shi ba tunda ba zazzaɓi ba rama, amma ki ƙara lura ko tana gumin dare har kaya su jiƙe, ko an taɓa ganin jini ko ɗigo ne, ko akwai wani mai tari a gidan. Gwajin kaki da hoton ƙirji ba wani abu bane mai wahala, in aka yi aka ga babu ai hankalin kowa ya kwanta har da ƙanwar tata.

Abu na biyu zuciya. Mai hawan jini da ya daɗe zuciyarsa tana iya gajiya ruwa ya fara taruwa a huhu, shi ma yana kawo tarin dare da an kwanta. Bambancin shine wannan yana zuwa da haki, mutum ba ya iya kwanciya flat sai ya tara filo ko ya kwana a zaune, yana farkawa cikin dare numfashi na neman ɗaukewa, ƙafafu su kumbura, ɗan tafiya kaɗan ya gaji. Sai dai ki sani amlodipine ɗin da take sha shi ma yana kumbura ƙafa musamman wajen idon sawu, saboda haka kumburi kaɗai ba hujja bane, likita ne zai bambance. Akwai kuma ƙwannafi, akwai asma, akwai majinar dake gangarowa daga bayan hanci zuwa maƙogwaro, duk suna kawo tari mai daɗewa. Masu asma ma in aka basu atenolol ko propranolol ƙirjinsu yana iya toshewa, wannan wata hanya ce daban da maganin hawan jini ke taɓa numfashi.

Yanzu ga wanda nake so kowa a nan ya riƙe ko da ya manta sauran. Biradikinin ɗin nan dai da aka yi bayani, a wasu mutane ba tari kaɗai yake kawowa ba, kumburi yake kawowa na leɓe, harshe, fuska, fatar ido, ko cikin maƙogwaro. Yawanci ba ƙaiƙayi ba ƙuraje, kawai mutum ya tashi ya ga leɓensa yayi suntum ko harshe ya cika baki murya ta canza. Bai kai mutum 1 cikin 100 ba amma baƙar fata mun fi fararen fata samun sa ninki ba ninki, kuma yana iya zuwa ko bayan shekaru ana shan maganin lafiya. Wannan ba na jiran safiya bane, ba na a shafa wani abu a gani bane, asibiti ake wucewa a lokacin domin yana iya toshe hanyar iska. Shi ne wuri ɗaya da zan ce kar a ƙara haɗiyar ƙwayar ko ɗaya, kuma wanda ya taɓa yin sa ba ya sake shan wani pril har abada, dole ya dinga faɗa duk asibitin da yaje.

Ga 'yan uwana mata masu karantawa da suke shekarun haihuwa, pril da sartan duka biyun ba a shan su da ciki, suna illata ƙodar jariri. In kina sha kina kuma neman haihuwa ko kin ga ɓatan wata, ki sanar da likita da wuri a canza miki.

Maganar fitsarin kuma ki gaya wa Umma ba ita kaɗai bace, mata da yawa da suka haihu suna fama da haka in tari yayi ƙarfi, galibi in tarin ya tafi shi ma yana sauƙi. Ta faɗa wa likita kar ta ɓoye, ba abin kunya bane a wajenmu.

Mai_Bincike:

Ni tambayata ma me yasa ake ba mu wannan maganin tun farko? Na taɓa jin cewa pril ba ya aiki sosai a jikin baƙar fata, in haka ne ga tari ga kumburi ga rashin aiki, ai gara a bar mutane akan amlodipine ɗinsu.

'Yar_Auta:

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci, wallahi ji nayi kamar an sauke min kaya. Anti Nas babu haki babu gumin dare, tana kwanciya da filo ɗaya kamar kullum, leɓe ma bai taɓa kumbura ba amma yanzu na san abin dubawa, kuma zan roƙi a yi gwajin kakin. Yaya Ɗan_Famasi saura tambaya biyu, ranar da aka ba mu ta komawa asibiti da sauran nisa, to kafin nan in na dinga raba mata ƙwayar biyu tana shan rabi tarin zai ragu? Sannan akwai wani maganin mura da tari da aka kawo mata jiya wanda ake jiƙawa a ruwan zafi, ta sha ko kar ta sha? Tana kuma shan diclofenac in gwiwa ta dame ta, ban faɗa ba ɗazu.

Ɗan_Famasi:

Madalla da kika faɗi na gwiwar ƙanwata, zan zo kansa.

Raba ƙwayar ba mafita bace, tarin nan yawanci bai damu da yawan abinda aka sha ba, mai shan 5mg yana yi mai shan 20mg yana yi, sai ki rage mata kariya a banza tarin yana nan. Kuma kar ku jira ranar da aka rubuta a kati, wancan ranar ta wanda komai ke tafiya daidai ce, wanda magani ya dame shi yana da damar komawa ko gobe ne. Kafin ku samu ganin likitan ta ci gaba da sha kullum yadda aka rubuta, in dai ba kumburin da Nas ta faɗa aka gani ba. In kuna da na'urar awo a gida ki dinga aunawa safe da yamma kina rubutawa ki tafi da takardar, in kuma kika ga ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, gani dishi dishi ko nauyin baki ko hannu, wannan na gaggawa ne.

Maganin murar nan ki duba bayan fakitin, in kika ga pseudoephedrine ko phenylephrine ki ajiye shi, aikinsu matse jijiyoyin jini ne don hanci ya buɗe, to ba a hanci kaɗai suke tsayawa ba, suna iya ɗaga jini. Dama ba mura take ba balle ace tana buƙata.

Diclofenac kuwa da ibuprofen da danginsu gaskiya ba abokan tafiyar lisinopril bane, ba kuma na losartan ba in an canza. Suna ɗaga jini suna rage ƙarfin maganin, sannan haɗuwarsu tana takura ƙoda, balle ga mai suga mai shekaru, balle kuma in akwai maganin sa fitsari a ciki. Ki gaya wa likita tana sha da kuma yawan yadda take sha, paracetamol yafi sauƙi a kanta kafin nan. Haka gishirin nan da ake sayarwa wai na masu hawan jini, da yawansu wani sinadari ne mai suna fotasiyam a ciki, su kuma pril da sartan dama suna tara fotasiyam a jini, in yayi yawa yana rikita bugun zuciya, kar ta fara sai an tambaya.

In aka canza mata zuwa sartan ki sa rai za a ce ta yi gwajin jini na ƙoda da fotasiyam bayan sati 1 zuwa 2, in ba a ce ba ke ki tambaya. Kuma ba a haɗa pril da sartan a sha tare, ragowar lisinopril ɗin ki ɗauke shi daga inda take ajiye magani kar ta haɗa bisa rashin sani. Tarin kuma kar ku ce da an canza yau gobe zai ɗauke, yawanci sati 1 zuwa 4 yake ɗauka, wasu har wata 3. In ya wuce haka yana nan to ba maganin bane ko ba shi kaɗai bane, sai a koma kan su ƙwannafi da asma da sauran abinda Nas ta lissafa.

Malam Mai_Bincike akwai ƙamshin gaskiya a abinda ka ji amma ba haka kai tsaye ba. In pril ne shi kaɗai, a jimlace bai kai amlodipine ko magungunan sa fitsari irin su hydrochlorothiazide da indapamide sauke jinin baƙar fata ba, shi yasa ƙa'idar da likitocin Ingila suke bi tace baƙar fata da ba shi da suga a fara masa da dangin amlodipine, in kuma ana buƙatar ɗaya daga cikin biyun nan a fifita sartan akan pril. Amma in aka haɗa shi da amlodipine ko maganin fitsari yana aiki sosai, ga Umma nan jininta ya sauka. Kuma ba don sauke jini kaɗai ake bada shi ba, mai raunin zuciya, wanda ya taɓa samun bugun zuciya, mai suga da furotin ya fara fita a fitsarinsa, waɗannan an tabbatar yana kare musu zuciya da ƙoda, amlodipine ba ya maye wannan gurbin. Tun 1981 aka amince da captopril a Amurka, na farkonsu da ake haɗiya, asalin bincikensa ma daga dafin wani maciji ne na ƙasar Burazil, losartan kuma sai 1995 ya fito, kaga an daɗe ana amfani da su an san halinsu ciki da bai. Mafi yawan masu shan pril ba sa tarin kwata kwata, wanda yake sha lafiya babu dalilin da zai sa ya nemi canji don ya karanta wannan zaren. Abinda nake ganin ya kamata mu ma'aikata mu gyara shine mu dinga faɗa wa mutum tun ranar da muka miƙa masa maganin cewa in ka ji busasshen tari ka dawo, in ka ga kumburin baki ka ruga asibiti, maganar ba ta cin minti ɗaya.

Ƙanwata in kun je ki tabbata an rubuta a katin Umma cewa lisinopril ya sa ta tari, saboda wani likitan da bai san labarin ba kar ya sake mayar da ita kansa nan gaba, musamman irin ƙwayoyin nan da ake haɗa magani biyu a ɗaya, kamar perindopril da amlodipine ko lisinopril da hydrochlorothiazide, waɗanda sunan kamfani ke rufe abinda ke ciki.